Itatuwan da Suka Ƙi Mutuwa

Talata, 2 ga Disamba 2008, da hantsi

Na turo barona da jarkokin ruwa kamar kullum. Ina shan kwanar sabon titi na bayan unguwar Shango sai na ji kukan inji. Na zaci masu niƙa ne suka yi sammako. Da na ɗaga kai sai na ga sararin sama a inda ban saba ganinsa ba.

Wasu ƙarti ne da injin sare itace, ga akori-kurar ma'aikatarmu a tsaye. Sun riga sun kayar da dogon-yaron bakin kwalbati, suna kan maɗaci. Itatuwan da nake ba ruwa shekara uku ke nan, tun suna tsawon gwiwata har suka wuce rufin shago. Ganyensu kore shar, babu mai ciwo ko ɗaya.

Oga Ndakotsu, shugaban sashenmu na shuke-shuke, yana zaune cikin motarsa a gefen titi, ya sauke gilashi rabi. Na je na rusuna na gaishe shi. Na ce, "Yallaɓai, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Shekwolo, yau ka huta. Mayar da ruwanka."

Ina zan mayar da ruwa? Rafi?

Magdalene mai ƙosai, wadda muke kira Maman Gift, ta miƙe riƙe da matsami, ƙosanta na ƙonewa a kasko ba ta kula ba. Ta ce, "Oga, me itacen nan ya yi muku? Ya zagi gwamnati ne?" Oga ya ɗaga gilashinsa. Irimiya mai faci kuwa, shi da ya ba ni tsofaffin tayoyi na kewaye itatuwan saboda awaki, sai tattara tayoyinsa yake yi kada a haɗa da su a mota.

Na tsaya har aka gama. Ruwan kuma na zuba wa kututturan, don ban san abin da zan yi da shi ba.

Talata, da yamma

Ban ci abinci ba. Ba azumi nake yi ba.

Laraba, 3 ga Disamba, bayan azahar

Na je ofis na sami Baba Sheshi. Shi ne direban tankar ruwan sashenmu. Tankar ta daɗe a kan duwatsu, ba taya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, amma kullum sai ya zo aiki ya zauna a inuwarta. Babu abin da ke wucewa a ofis ɗin nan bai sani ba.

Yana ganina ya ce, "Ga mai laifin nan."

Na ce, "Ni, Baba?"

"Kai mana. Wa ya ce ka raya su?"

Ya matsa mini a benci. Ga abin da ya gaya mini, na rubuta don kada in manta. A cikin kasafin kuɗin jiha akwai layi guda da ya ce dashen itatuwa a sabon titin Shango. Tun ban baro garinmu Gwada ba layin nan yake. Kowace shekara a dasa, rani ya zo su mutu, baɗi a sake sa layin. Ɗan kwangila ya samu, na sama su samu, na ƙasa ma a miƙa musu na goro. Leburorin da ake ɗauka na ban ruwa, duk wanda ya zo ya gane, ya yi sati biyu ya kama acaɓa.

"Sai ga ka da baro," in ji Baba. "Kana ɗebo ruwan wankin mota, kana roƙon mai ƙosai ruwan wanke-wanke. Bara da bara waccan an lallaɓa, an ce cike gurbi aka yi. Bana 'yan majalisa sun ce za su zagaya su ga ayyuka da idonsu. Itacen da ya wuce rufin shago, ta yaya za a ce bana aka dasa shi?"

Kuma wai sai a makon nan aka saki kuɗin bana. In ba a kashe su ba kafin Disamba ta ƙare, su koma baitulmali, baɗi kuma a goge layin, tunda ba a buƙata.

Na ce to a kai dashen wani titi mana, ga hanyar Kuta nan rana na dafa mutane.

Ya ce, "Layin Shango ya ce. Canja suna sai an koma majalisa. In aka koma majalisa sai a yi tambaya."

Na ce to a gyara tankar nan da kuɗin.

Ya yi dariya har da tari. "Wannan kuɗin manyan ayyuka ne, yaro. Ban ruwa kuwa aikin yau da kullum ne, shi ba a ware masa komai. Gwamnati tana da kuɗin haihuwa, ba ta da kuɗin reno."

A aji huɗu na tsaya a firamare, sauran karatuna a Littafi Mai Tsarki na Hausa na ƙarasa shi. Watakila shi ya sa ban gane ba. A Gwada, in ka binne doya ta yi, ba ka tone ta ka zubar don kawai kana da sauran iri a rumbu.

Jumma'a, 5 ga Disamba, da safe

Na tashi na cika jarkoki. Sai da na kai bakin titi na tuna.

Alhamis, 11 ga Disamba, da la'asar

An gama hutun Sallah, yau aka yi bikin dashe. Tun jiya aka kawo jar ƙasa aka rufe kututturan. Rumfuna, kujerun roba, lasifika, ruwan kwalba. An kafa allo mai fenti an rubuta aikin bana ne. Wani babba ya riƙe shebur sabo fil aka ɗauke shi hoto, ya miƙa wa na bayansa kamar ya riƙe maciji.

A Disamba. Ruwan sama sai Afrilu in Allah ya so.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da ledarsu ake binne dashen. Saiwa ba ta da inda za ta bi. Na ce wa shugaban yaran ɗan kwangila, "Malam, a cire ledar mana."

Ya ce, "Dashe aka biya mu, ba a biya mu mu tuɓe musu wando ba."

Da baƙi suka watse na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tonewa, ina yage ledar, ina mayarwa. Irimiya yana kallona daga bakin shagonsa. Ya ce, "Kwamishinan Itace, kai dai ba ka daddara."

Ban daddara ba. Su dashen me suka yi?

Asabar, 13 ga Disamba, da rana

Rana a titin nan yanzu sai ka ce an buɗe tanda. Maman Gift ta ɗaura tsohon zani a kan sanduna tana fakewa. Masu sayen ƙosai da ke zama su ci su ƙara, yanzu a leda suke karɓa su wuce.

Litinin, 15 ga Disamba, da yamma

Muna zaune a shagon Irimiya rediyo na yi. An ce farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya, kason da jiha ke samu daga Abuja kowane wata ya ragu, don haka gwamnati za ta mayar da hankali kan kuɗin shiga na cikin gida.

Irimiya ya ce, "Kun ji cikin gida ɗin nan? To mu ne."

Sai aka buɗe layin waya. Wani mutum ya kira daga Shango, ban san muryarsa ba. Ya ce yana tambaya ne kawai, in kuɗi sun yi ƙaranci, me ya sa aka sare itatuwa masu rai a titinsu aka dasa tsinke? Mai gabatarwa ya ce layi ba ya da kyau. Layin kuwa ras yake, har carar zakaran mutumin muna ji.

Laraba, 17 ga Disamba, bayan an tashi aiki

Oga Ndakotsu ya aiko in zo. Tun da na fara aiki ban taɓa zama a kujerar ofishinsa ba sai yau. Har lemo ya sa aka kawo mini.

Ya ce maganar rediyo ta kai sama. An kafa ɗan kwamiti, zai zauna a Janairu kafin ma'aikatu su je kare kasafinsu na baɗi. Shi ne sakataren kwamitin. Za a kira ni, tunda ni ne mai kula da titin.

"Shekara nawa kana leburan wucin gadi?"

Na ce, "An daɗe, Yallaɓai."

"An daɗe. A kasafin baɗi an ba sashenmu gurbin ma'aikatan dindindin. Kaɗan ne, ka san halin da ake ciki. Ni da hannuna na sa sunanka." Ya juyo da kujera. "Albashi kowane wata. Fansho. In ka yi ciwo akwai takardar asibiti. Yarona, ban manta da kai ba."

Na yi godiya. Gaskiya na yi godiya, har idona ya kawo ruwa. Wannan nake roƙo kowace Lahadi.

Sai ya ce, "Itatuwan nan, ai gara ce ta cinye su ta ciki, ko? Sun bushe. Muka ga za su faɗo wa mutane, muka cire."

Na kalli lemon.

"Ko ba haka ba?"

Na ce, "Yallaɓai ya fi ni sani."

"Madalla. Da safen nan, ban da kai wa yake wurin?"

Ya fi ni sanin wanda yake wurin. Na ce ban lura ba.

Ya ce, "Gara haka. Masu sana'a a bakin titin nan yawancinsu ba su da takarda. Ga 'yan haraji an sako su. Ban so a tuna da kowa."

Ban sha lemon ba. Na fito da shi na ba Baba Sheshi, ya shanye bai tambaye ni komai ba.

Alhamis, 18 ga Disamba, da safe

Dogon-yaro. Gara. Ko akuya ba ta son ɗacinsa, wai gara.

Jumma'a, 19 ga Disamba, da hantsi

An tuna da su duk da haka.

'Yan haraji sun zo da mota, samari sanye da falmaran kala ɗaya. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne ma, wai wani kamfani aka ba kwangilar tarawa yana cire kasonsa. Sun wuce mai shayi, sun wuce mai katin waya, suka tsaya a kan Maman Gift. Takardar kasa kaya, takardar tsafta, takardar hayaƙi. Ta ce, "Hayaƙi kuma? To ku je ku kama na motarku tukuna."

Suka juye man da ke kasko a kwata, da zafinsa, suka jefa kaskon a mota. Injin iskan Irimiya ma sun taɓa shi, sai da ya bi su gefe suka yi ƙus-ƙus.

Da yamma ta dawo da kaskonta a ka. Ban tambaye ta yadda ta karɓo ba. Ta ce, "Shekwolo, wannan ba haraji ba ne, gaisuwa ce aka aiko mini. Na amsa."

Jihar da ke da kuɗin sare itace ta sake dasawa, ita ce ke neman abin cefane a kaskon ƙosai. Tir.

Lahadi, 21 ga Disamba, bayan coci

Sun yi toho!

Na biya ta titin ina dawowa, sai na ga jar ƙasar ta tsattsage. Kututturan dogon-yaro sun turo ganye jajaye ƙanana, wani ma ya kai tsawon yatsa. Duk wanda na zuba wa ruwa ya amsa. Na durƙusa a titi da kayan coci ina dariya ni kaɗai, masu acaɓa na kallona.

Maman Gift ta ce na gindin teburinta tun shekaranjiya ya fito, ta ɓoye ne da kwando. Kullum tana ba shi ruwan wanke wake.

Litinin, 22 ga Disamba, da rana

Ba ni kaɗai ke da ido ba. Oga ya bi ta titin.

Ya kira ni bayan ofis inda ba kowa. Ya ce mataccen itace ba ya toho, in 'yan kwamiti suka zagaya suka ga wannan, me za mu ce? Ya nuna mini galan a jikin bango. Baƙin mai ne, irin wanda ake juyewa daga injin mota.

"Kai ka san inda kowanne yake. Kafin ka tafi Kirsimeti."

Talata, 23 ga Disamba, da yamma

Hannuna warin baƙin mai yake yi. Na wanke da omo, na wanke da toka, na goga da ƙasa.

Laraba, 24 ga Disamba, da safe, a tasha

Ina jiran motar Gwada ta cika.

Guda ɗaya ya rage. Jiya da na kai gindin teburinta da galan, Maman Gift ta ɗauko bencinta ta ɗora a kan kututturen ta zauna. Ta ci gaba da juya ƙosai. Na tsaya, na tsaya, na wuce.

Yau da na gaishe ta, ba ni ta amsa wa ba, sai Irimiya.

Jumma'a, 26 ga Disamba, Gwada, da la'asar

Ban san wa ya kawo labarin gida ba, na tarar kowa ya sani. Mama ta gaya wa matan zumunta ɗanta ya zama ma'aikacin gwamnati. An yanka mini zakara. Ƙanena Moses har ya fara lissafin komawa makaranta. Baban Mabel, wanda bara ya ce ba zai ba mai tura baro 'yarsa ba, jiya shi ya fara miƙo mini hannu a ƙofar coci.

Sakwara da miyar da na fi so. Na kai loma baki sai na ji warin a yatsuna. Mama ta ce ko miyar ce ba ta yi ba. Na ce ta yi.

Na zauna a ƙarƙashin mangwaron da kakana ya dasa. Ba wanda ya taɓa ware masa kuɗi.

Laraba, 31 ga Disamba, da rana

Ofis kamar kasuwar doya. Motoci na shigowa da labulaye, kujeru, firji, katan-katan na takarda. Labulen da aka sa bara aka cire aka jefar a bayan tankar Baba. Akawu na gudu da fayil, kowa na neman sa hannu kafin a rufe shekara. Wani ya ce mini, "Matsa, Malam, yau ba ranar gaisuwa ba ce."

Albashinmu na leburori kuwa an ce sai sabuwar shekara, babu kuɗi.

Baba Sheshi ya ɗauki tsohon labule guda ya yi shimfiɗa. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne kasona a kasafin bana."

Litinin, 5 ga Janairu 2009, da yamma

Na koma ban ruwa. Sabon dashen da na cire wa leda, da yawa sun kama. Ina tura baro ina kau da kai daga baƙaƙen wuraren.

Da na je ajiye baro Baba ya ce in zauna.

"An gaya maka aikin da za a ba ka in an tabbatar da kai?"

Na ce ai aikina ne, ban ruwa.

"Masinja. Ofishin Oga. Riga mai guga, kai fayil, kawo shayi. Baron nan a sito za a kulle shi."

Na ce to wa zai ba dashen ruwa?

Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda ya tambayi ina rana ke kwana. "Layin Shango yana cikin kasafin baɗi, Shekwolo. An riga an buga."

Ashe ba lada ba ne. Ɗauke ni za a yi daga titi don su mutu cikin kwanciyar hankali.

Talata, 6 ga Janairu, da safe

Albashi kowane wata. Fansho. Makarantar Moses. Mabel.

Na rubuta na karanta, na sake karantawa. Duk gaskiya ne.

Alhamis, 8 ga Janairu, bayan azahar

Oga ya sa na maimaita a gabansa kamar ɗan makaranta. Gara ta ci su, sun bushe, an cire don kare lafiyar jama'a. Ya ce in ƙara da cewa ruwan da nake ba su bai isa ba, tunda ni kaɗai ne.

Na ce, "Yallaɓai, ruwan ya isa."

Ya ce, "Na sani. Faɗa za ka yi kawai."

Wai a kwamitin akwai wata Hajiya Kaka daga ma'aikatar kasafi, in yi hankali da ita. Na tambayi Baba ko ita mai gaskiya ce. Ya ce, "Kada ka sa rai. Ba itatuwanka suka dame ta ba. Kuɗin Abuja sun ragu, an ce ta nemo layukan da za a yanke. In ka ba ta wuƙa za ta yanke layin Shango, a cikinsa kuwa ake tsakuro ɗan abin da ake ba ka. Ka faɗi gaskiya ka rasa gurbi, ka rasa baro. Ka ji na gaya maka."

Kowa ya sani. Wannan ne abin ƙyamar. Da jahilci ne da sai a koya musu.

Asabar, 10 ga Janairu, da hantsi

Ina wucewa da baro Maman Gift ta ce, "Kai, mai baƙin mai. Zo nan."

Rabon da ta yi mini magana tun kafin Kirsimeti. Ta ɗaga bencin. Tohon ya kai kamu ɗaya, ya karkace yana neman haske ta gefe.

"Jibi ne ko gata za ku shiga wurin manyan?"

Na ce Talata.

"Me za ka ce musu?"

Na tsura wa tohon ido.

"Ni ban aike ka ba. Kana da uwa, kana da ƙanne, ban ce ka zubar da tuwonka saboda ni ba. Amma in don ni kake rufe baki, buɗe abinka. Kaskona ya riga ya san hanyar ofishinsu, ko shi kaɗai zai iya zuwa ya dawo." Ta zuba mini ƙosai a takarda. "Magdalene sunana. Kada ka je ka ce Maman Gift, su ce ba su san ta ba."

Irimiya yana jinmu. Ya ce, "Ni fa ban ga komai ba, taya nake kallo."

Ta ce, "Tayar da ke gindin itacen? Matsoraci. Da gemunka."

"Gemu ba ya biyan kuɗin injin iska, Madam."

Ya koma ya yi ta buga ƙarfe a kan rim ɗin taya, fiye da yadda aikin ke bukata. Da zan tafi ya kira ni. "Kwamishina. In ta kama dole, to. Amma kada ka sa ni a farko, kada kuma ka sa ni a ƙarshe. A tsakiya, inda ba a lura."

Litinin, 12 ga Janairu, da yamma

Na wanke rigata ta coci. Na ba dashen ruwa fiye da kullum, har da na gobe.

Talata, 13 ga Janairu, da la'asar

Na miƙa baro da jarkoki a sito, mai sito ya ce umarni ne daga sama, in kuma daina zuwa sai an neme ni. Ba za a neme ni ba. Gurbin ya tafi. Ban san da bakin da zan gaya wa Mama ba. Wannan na gobe ne.

Ga yadda aka yi.

Ƙaramin ɗaki ne mai sabon labule. Wani dattijo a tsakiya shi ne shugaba, yana ta gyangyaɗi. Hajiya Kaka a dama da tabarau da tulin takardu. Oga Ndakotsu a hagu, shi ke rubuta abin da aka faɗa. Ba a ce in zauna ba.

Oga ya yi mini murmushi ya ce, "Shekwolo, gaya wa kwamiti halin da itatuwan suke ciki kafin a cire su."

Na buɗe baki da niyyar gara. Wallahi da niyyarta na buɗe. Sai na ji kaina ina cewa, "Lafiyarsu ƙalau, ranku ya daɗe. Ganyensu kore. Da inji aka sare su ranar Talata da safe."

Dattijon ya farka.

Hajiya ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Mun zagaya jiya. Kututturan duk sun mutu, baƙi ƙirin."

Na ce, "Sun yi toho, Hajiya. Galan aka ba ni na zuba musu baƙin mai. Guda ɗaya yana nan da rai a ƙarƙashin bencin mai ƙosai, in kuna so ku ɗaga ku gani."

Sai ta ɗago. Ba ni ta kalla ba, takardarta ta jawo ta ja layi da jan biro, a hankali, kamar mai yanka sabulu. Baba ya yi gaskiya. Ko tambayar irin itatuwan ba ta yi ba.

Oga ya ajiye bironsa. Murmushin yana nan, amma ya bushe a fuskar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan lebura ne, bai yi makaranta ba, ga ɓacin ran rashin albashi. Magana ce ta mutum ɗaya. Ni da kaina na tambaye shi ko akwai wanda yake wurin, ya ce bai lura ba."

Dattijon ya ce, "Haka ne, yaro? Kai kaɗai ka gani?"

Na ce, "A'a, Baba. Na lura."

"To su wa? Sakatare, rubuta."

Oga ya ɗauki biron. Na tuna yadda malaminmu na aji huɗu yake yi mana shifta, sai na faɗa a hankali, ina tsayawa, don mai rubutu ya samu ya bi ni.

"Magdalene, mai ƙosai a bakin kwalbati. Irimiya, mai faci. Sai Yallaɓai Ndakotsu, yana zaune cikin motarsa, ya sauke gilashi rabi."